Ɗana, Ga Abin da Ka Shiga

Ɗana, na ji an rubuta sunanka a ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarku. Madalla, Allah ya yi maka albarka. Zauna mu ɗan yi magana.

Abin nan aikin gayya ne na kakanninka. A da, in gonar dattijo ta fi ƙarfinsa, samari kan yi sammako su nome ta, a sha fura a watse. Yau kuma kwata ce ta toshe ga damina ta ƙarato, katangar maƙabarta ta zube, ga matar da naƙuda ta kama da tsakar dare babu mota. Don waɗannan aka kafa ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka raina ƙanƙantarku. Mutum huɗu ne suka yi zaman farko na ƙungiyar Rotary a Chicago ta Amurka a 1905. Reshenta na farko a Najeriya kuwa a Kano aka buɗe shi, a 1961. Tun 1985 suka sa hannu a yaƙi da shan inna, tare da gwamnatoci, sarakuna da masu rigakafi na gida-gida, ba su gaji ba har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta bar ƙasar nan. Haƙurin nan nake so ka duba.

Sai batun kuɗi, a nan na fi jiye maka. Na ga ƙungiyoyi na mutanen kirki sun watse, ba don an ci ko kwabo ba, sai don ba a rubuta ba. Yau ƙus-ƙus, gobe zargi, jibi aminai ba sa gaisawa, kwatar kuma tana nan a toshe. Ku sayi littafi. Duk karo-karon da aka yi, ma'aji ya karanta shi a gaban kowa, ko da naira ɗari ce. Wannan rufin asirinsa ne shi ma.

Lokacin zaɓe za a zo muku da buhuna da riguna. Ku karɓi baƙo da mutunci, amma kada ku jingina ƙungiya da jam'iyya, don rabin unguwa za su janye ƙafa.

In kuma za ku kai wa marayu hatsi, ku je bayan magariba, mutum biyu sun isa. Ka bar wayarka a aljihu, ɗana. Yaran nan gobe za su fito wasa da sa'o'insu, uwarsu kuma za ta shiga cikin mata a gidan suna.