Shawara ga Mai Shirya Abincin Japan a Taron Ɗalibai

Duk ɗalibin da aka ɗora wa nauyin gabatar da abincin Japan a taron jami'a a ƙasar waje, inda Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba za su haɗu a majalisi guda, wajibi ne ya fara bincika abin da ke cikin tukunya kafin ya damu da ƙawata teburi. Dalili kuwa, Japanawa sukan zaƙaƙa girkinsu da mirin, giyar shinkafa mai barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari, sa'an nan romon taliyar tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi. Saboda haka a musanya mirin da sukari, a yi romo da ganyen teku na kombu da busasshen kifi, wanda babu shubuha a cikinsa.

A ra'ayina onigiri ya fi sushi dacewa: dunƙulen shinkafa ne da gishiri, ga araha, kowa na iya dunƙula nasa, alhali ɗanyen kifin da ke cikin sushi lalacewa yake idan ya daɗe a waje. A kuma gargaɗi baƙi cikin ladabi kada su kafa sandunan cin abinci tsaye cikin shinkafa, domin mamaci Japanawa suke yi wa haka.