Malamar Kwamfuta a Suleja, Ga Hanyar Kai Ajinki Taron Masana

Ƙanwata, ke da ke koyar da kwamfuta a sakandare a Suleja, ko Madalla, ko Kwamba, daina ɗauka taron ƙara wa juna sani na farfesoshi ne kaɗai. Akwai fanni guda da aikinsa binciken yadda ake koyar da kwamfuta da yadda yara ke gane ta. Ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, ACM, tana da reshe mai suna SIGCSE da ke taro duk shekara tun 1970, galibi a Amurka. Yawancin abin da ake gabatarwa can daga makarantun da wuta ba ta ɗaukewa yake fitowa. Ajin da yara shida ke rububin kwamfuta ɗaya kuwa, ba a rubuta labarinsa sosai ba, kuma ke kullum a cikinsa kike. Ga yadda za ki mai da shi maƙala.

1. Zaɓi tambaya ɗaya, ƙarama. Rabu da irin su "Tasirin fasahar zamani ga ilimi a Nijeriya". An rubuta ta har an gaji. Ki tambayi abin da za ki iya amsawa cikin zango guda. Idan yaro da yarinya suka zauna kan kwamfuta ɗaya, wa ke riƙe linzami? 'Yan aji biyu sun fi gane darasi idan an fara bayani da Hausa kafin Turanci? Wannan ta biyun tana da armashi a Suleja, domin ajinki akwai Bahaushe, akwai Bagware, akwai ɗan Koro, akwai ɗan Igbo da aka haifa a nan. Ki rubuta harshen gidan kowa tun farko.

2. Gobe da safe ki sayi littafin rubutu na musamman. Bayan kowane darasi ki ɗauki minti biyar ki rubuta kwanan wata, yara nawa suka zo, kwamfuta nawa ta tashi, akwai wuta ko da janareto aka yi, da kuma inda yara suka cije. Kada ki ce za ki tuna. Ba za ki tuna ba.

3. Ɗauko dabarar da aka riga aka sani, ki gwada ta a ajinki. Wadda na fi so ita ce ta Dale Parsons da Patricia Haden, malamai daga New Zealand da suka bayyana ta a 2006. Ki rubuta ɗan gajeren shirin kwamfuta mai layi takwas ko goma, ki yanka kowane layi a takarda daban, ki cakuɗa su, ki ba yara su jera daidai. Ba wuta, ba intanet, ba jiran layi. Yaro yana koyon abin da ya kamata ya zo kafin wani abu, ba tare da ya ɓata rabin darasi yana neman harafi a kan kibod ba. In kina son ki ƙara wahala, ki saka layi ɗaya mara amfani a ciki, ki ga wa zai gano shi. Kurakuran da suka yi wajen jerawa su ne zinariyarki, saboda haka ki ɗauki hoton kowane jeri kafin a watsa takardun. Akwai kuma darussan CS Unplugged na Tim Bell da abokan aikinsa, kyauta ne a intanet. Misali katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 sun isa koyar da ƙirgen sifili da ɗaya. Ranar da aka samu wuta, manhajar Scratch tana aiki ba da intanet ba idan kin sauke ta tun farko.

4. Auna kafin, auna bayan. Tambayoyi goma kafin ki fara, irinsu goma bayan sati shida. In kina da aji biyu, ɗaya ki bi sabuwar hanya, ɗayan ki bi yadda kika saba, zango mai zuwa ki musanya don kada a tauye wa kowa haƙƙi. Idan sakamako ya nuna babu bambanci, ki faɗi haka. Masu tantance maƙala sun fi yarda da malamar da ta ce dabara ba ta yi aiki ba, ga kuma dalili, a kan wadda komai nata ya fito ɗari bisa ɗari.

5. Nemi izinin firinsifal a rubuce, ki sanar da iyaye. Sunan yaro kada ya shiga maƙala, lamba za ki ba shi. Hoton fuska ma a bar shi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

6. Fara da taron da ke kusa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, kimanin kilomita 100 daga nan, tana da tsangayar ilimin kimiyya da fasaha da kan shirya taron ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar malaman kimiyya, STAN, wadda aka kafa a 1957, tana taro duk shekara, kuma malaman sakandare ne ƙashin bayanta, don haka ba za ki ji baƙunta ba. Akwai taron shekara na ƙungiyar masana kwamfuta ta ƙasa, NCS. Ga Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ƙofar gida. Na waje kuwa, ki sa ido kan CompEd, taron ACM da aka fara a Chengdu ta ƙasar Sin a 2019, wanda ake kai shi ƙasashen da ba na Turai da Arewacin Amurka ba.

Ki yi hattara da taron bogi. Duk wanda ya aiko miki saƙo yana yabon maƙalar da ba ki rubuta ba, ko ya karɓi taki cikin kwana biyu ya ce turo kuɗi, share shi. Taron kirki yana da sunayen 'yan kwamiti da jami'o'insu, kuma ana iya ganin maƙalun bara.

7. Rubuta tsakure, kalma 200 zuwa 250 ko yadda suka ƙayyade. Jimla ɗaya kan matsalar, biyu kan abin da kika yi da yara nawa, biyu kan abin da kika samu, ɗaya kan amfaninsa ga wani malami. Kafin nan ki karanta maƙalu biyar masu kama da taki a Google Scholar. In cikakkiyar maƙala ta yi miki nauyi a karon farko, nemi gabatar da fosta.

8. Maganar kuɗi. TETFund tana ɗaukar nauyin zuwa taro, amma ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ba na sakandare ba. Don haka ki nemi lakcara a jami'ar Minna ko ta Lapai ku rubuta tare: ke da ajin, shi da sanin lissafin sakamako. Ku daidaita tun farko wane suna zai zo a gaba, kuma a ganina naki ne, tunda ke kika yi aikin. Kuɗin rajista da mota ki kai wa shugaban makaranta a rubuce wata uku kafin lokaci.

9. Ranar gabatarwa yawanci minti goma zuwa sha biyar ake bayarwa. Shafi takwas ya isa. Kada ki karanta abin da ke kan majigi. Ki gwada jawabin gaban malamai biyu a ofis, ɗaya riƙe da agogo. Ajiye kwafi a filas, wani a waya, wani a takarda. Ki tafi da yankakkun takardun nan a ambulan, ki raba wa mutanen zauren su jera da hannunsu kafin ki nuna musu yadda 'yan ajinki suka jera. Idan a Minna ne, ki tafi tun jajibere ki kwana can, domin hanyar ba ta da alkawari.