Libarba Mai Tofin Dalma: Darasi a Kan Saiti

Duk wanda ya fito daga yankinmu, tun daga Tsiga ta Ƙaramar Hukumar Bakori har Funtuwa da Malumfashi, ya san yadda rashin tsaro ya sa hirar bindiga ta shiga majalisar dare, kusa da hirar taki da farashin masara. Ni ɗalibin sashen injiniyan inji ne, ba ɗan sanda ba kuma ba maharbi ba. Amma akwai wata cuta ta libarba da nake son mu duba tare, domin ban ga misalin da ya fi ta bayyana abin da ake koya mana a kan saiti da awo ba. Cutar ita ce tofin dalma: a harba bindiga, harsashi ya fita ta gaba, amma ɓarɓashin dalma mai zafi ya fantsamo ta gefe, ya sami hannun mai harbin ko fuskar wanda ke tsaye kusa da shi.

Libarba, irin wadda Samuel Colt na Amurka ya yi wa rajista a 1836, ta bambanta da sauran bindigogi ta wuri ɗaya. Harsasai suna zaune ne a cikin wata ganga mai juyawa, mai ramuka biyar ko shida, bututu kuma daban yake. Ke nan dole harsashi ya tsallaka daga rami zuwa bututu. Tsakaninsu akwai 'yar tsaga, yawanci milimita 0.1 zuwa 0.2, wato kaurin farar takarda ɗaya ko biyu. Bakin bututun an yi shi kamar mazurari don ya karɓi harsashin ya shiryar da shi ciki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan aka ja kunama, wani ɗan ƙarfe yana tura gangar ta juya, wani kuma yana faɗawa cikin gurbi ya kulle ta daidai lokacin da rami ya fuskanci bututu. Dole kullewar ta riga tashin albarushi. In ta makara, ko gurbin ya ci har gangar tana lilo, sai harsashi ya daki gefen mazurarin. Dalma ƙarfe ce mai laushi, farce ma yana yi mata zane, saboda haka gefen ƙarfen sai ya fere ta kamar yadda wuƙa ke fere rake. Iskar da ke bayan harsashi kuma ba ta wasa ba ce: a harsashin .38 na yau da kullum matsinta yana kaiwa wajen fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali tayar ƙaramar mota 32 take ɗauka. Wannan iska ita ke kwaso feren ta watso shi ta tsaga.

'Yan ajinmu, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Taimin ne. Abin da ke sa injin ban-ruwa ya riƙa tari idan bawul ya buɗe ba a kan lokaci ba, shi ne dai a nan, sai dai shi inji mai kawai yake ɓarnatarwa.

Masu kula da makaman hukuma suna bin matsalar daki-daki, kuma tsarin nasu ne ya fi burge ni. Suna fara tabbatar da babu harsashi ko ɗaya a ciki. Sai su duba abu mafi sauƙi, wato datti, domin dalma takan taru a bakin mazurari ta daskare, sabon harsashi ya zo ya kankare ta ya watsar. In wanki bai magance ba, sai su ja guduma baya sannu a hankali a kan kowane rami, suna sauraron ko makulli ya faɗa kafin guduma ta kai ƙarshe. Rami ɗaya zai iya makara sauran suna lafiya, shi ya sa ba a gwada ɗaya a ce an gama. Daga nan su auna tsaga da irin ma'aunin nan mai siraran ganye da muke saita bawul da shi, su duba ko gangar tana motsi gaba da baya. Kwanson da aka harba ma shaida ne: in saran allura ya karkace daga tsakiya sosai, alama ce ramin bai zauna daidai ba. Wani lokaci kuma sandar da gangar ke rataye a kai ce ta lanƙwashe, sau da yawa saboda wannan burgar ta fim, a wurga ganga ta rufe da girgiza hannu.

Gyaran fa? Nan na tsaya, kuma da gangan. A Dokar Makamai ta 1959, libarba tana cikin haramtattun makamai, lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ɗalibin da ya ɗauki zarto ya ce zai taimaka wa wani ɗan unguwarsu, takardar shaidarsa yake wasa da ita, da ma 'yancinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirar gida da ke yawo a ƙauyuka. Ba raina maƙeranmu nake yi ba, garmarsu da lauje su ke ciyar da mu. Amma garma in ta kauce da milimita biyu gona ba za ta sani ba. Ramuka shida da kowanne zai tsaya daidai da bututu ɗaya, wannan ya wuce awon ido da guduma, sai injin yanka na musamman da ƙarfen da aka san ƙarfinsa. Na taɓa ganin wani matashi da baƙaƙen ɗige-ɗige a bayan hannunsa na hagu, kamar an yayyafa masa barkono. Yana dariya yana cewa ai tasa haka take, zafinta ne ya yi yawa. Wallahi ba zafi ba ne, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma kowane harbi yana ƙara raunana bakin bututun har ranar da zai tsage.

Ita kanta dalmar guba ce. Mun san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurarta daga aikin zinare ta kashe yara sama da 400. Wadda ta manne a hannu da tufafi tana bin mutum har gida, har cikin kwanon tuwo.

Idan tsautsayi ya sa ɓarɓashi ya shiga idon wani a gabanka, kada a murza, kada a sa tsinke ko bakin hankici a ce za a ciro, kada kuma a ɗiga ruwan wani ganye. A kifa masa kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a ɗaure, a nufi asibiti mai likitan ido a ranar, ko da ya ce ya daina jin zafi.