Yadda Masana Ke Gane Ma'adinai Daga Dutsen da Ke Sama

A wannan makon mun kawo muku darasi a kan ma'adinai. Mun zaɓe shi ne saboda muna jin labarin samari da ke barin karatu su tafi haƙar zinare don kawai wani ya tsinci dutse mai ƙyalli a daji.

Masana ilimin duwatsu sukan fara ne da dutsen da ya fito fili, kamar a gefen tsauni, ko bakin rafi, ko inda aka yanka hanya. Ga wasu alamun da suke dubawa. Farin dutse mai tauri da ya ratsa wani dutsen kamar jijiya yakan ɗauki zinare, amma yawancinsa ba komai a ciki. Dutsen da ya yi ja kamar tsatsa yana nuna cewa ruwan sama ya cinye wani ma'adini a wurin. Launin kore yana iya nuna tagulla. Baƙin yashi mai nauyi a cikin rafi yana iya zama kuza, irin wadda Jos ta yi suna da ita. Dutsen tozali mai nauyi da ƙyalli kuwa, dalma ce a cikinsa.

Akwai wani ma'adini rawaya da ke yaudarar mutane, har Turawa suna ce masa zinaren wawa. Idan aka buga shi da guduma sai ya farfashe, shi kuwa zinare na gaskiya sai ya baje. Idan aka goga shi a bayan tayil yana barin baƙin layi, zinare kuma layi rawaya. Zinare ya fi ruwa nauyi kusan sau 19, na bogin kusan sau 5 kawai.

Duk da haka, alama ba hujja ba ce. Jijiyar da aka gani a sama tana iya ƙarewa bayan 'yan mitoci. Shi ya sa masana ke zana taswirar wurin, su ɗebi samfur daga wurare da yawa, ba mai kyan kaɗai ba, su kai ɗakin gwaji. Daga nan su yanka ramuka, su huda ƙasa da inji su zaro dutsen ciki. A manyan mahaƙai, tan ɗaya na dutse, wato nauyin buhun siminti 20, giram kaɗan na zinare yake bayarwa. A Nijeriya kuma doka ta ce sai da lasisin gwamnatin tarayya ake haƙa.

Rashin gwaji yana kashe mutane. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta shiga abinci da hannayen yara, kusan yara 400 suka rasu. Ido ba ya ganin wannan gubar.

Saboda haka idan mun tsinci dutse mai ƙyalli, kada mu niƙa shi, kada mu sa a baki, kada mu ba ƙannenmu. Mu rubuta inda muka same shi, mu wanke hannu da sabulu, mu kai wa malamin kimiyya. Wanda ke sha'awar aikin nan ya dage da lissafi da kimiyya, domin ana koyar da ilimin duwatsu a jami'o'inmu, ciki har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Jos.

Daga 'yan kulob ɗin jarida, aji biyu.