Ƙaramin gida a cikin ganyen hatsi

Ƴan uwa manoma, a Kanan-Bakashe da sauran ƙasar Mayahi, har zuwa Tasawa, mun saba ganin abu biyu a gona. Wani lokaci hatsi yakan yi yaushi da tsakar rana. Wani lokaci kuma ganyensa yakan koma rawaya. Dalilin duka biyun yana cikin ƙwayar halitta.

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikin tsiro, da na dabba, da namu, yake haɗe da ƙwayoyi ƙanana. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana su a shekarar 1665.

Mu kwatanta ƙwaya ɗaya ta ganye da gida.

1. Katanga: ɓawo ne mai tauri, shi ke taimakon kara ya tsaya. Ƙwayoyin jikinmu ba su da shi.
2. Zaure: fata ce siririya daga cikin katanga. Ita ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita.
3. Tsakar gida: ruwa ne mai kauri, a cikinsa sauran sassa suke.
4. Maigida: ita ce cibiya. Tana shirya aiki, tana kuma riƙe da gado. Shi ya sa muke zaɓen iri daga zangarniya mai kyau.
5. Garka: ƙananan sassa ne kore, masu haɗa sukari da hasken rana, da ruwa, da iska. Mu ba mu da su, sai mun ci abin da tsiro ya haɗa.
6. Murhu: nan ake ƙona sukari a sami ƙarfi.
7. Randa: ita ce ma'ajin ruwa.

To, in randa ta cika, ganye ya miƙe. In ruwanta ya ragu, ganye ya yi yaushi. Hatsin da ya farfaɗo da yamma, da sauƙi. Wanda ya kwana a yaushe kuwa, fari ya kama shi.

In rawaya ta fara daga ganyen ƙasa, galibi garka ce ta rasa sinadarin azot. Maganinsa taki. Mu kai takin dabbobi gona tun rani, mu shuka wake, kada kuma mu sare gawo.

Tambayoyi:
Wane sashe ke riƙe da gado?
Me ke sa hatsi yaushi?