JIRI SA'AD DA AKA MIƘE TSAYE
Ciwon jijiyoyin da su ke aiki da kansu, da yadda za a zauna da shi a gida

Mai karatu, ka tsaya ka duba jikinka. In ka na so ka ɗaga hannu, sai ka yi niyya, hannun ya ɗagu. Amma wa ya ke gaya wa zuciyarka ta buga sa'ad da ka ke barci? Wa ya ke sa ka yi gumi in rana ta yi zafi, ko ya sa tuwon da ka ci ya narke a ciki? Ba ka taɓa ba da umurnin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga shi kuwa su na gudana dare da rana.

Abin da ya ke wannan aiki shi ne waɗansu jijiyoyi ƙanana. Mu Hausawa kome jijiya mu ke ce masa, saboda haka sai a rarrabe. Akwai jijiyoyin jini, waɗanda jini ya ke bi ta cikinsu. Akwai kuma jijiyoyin saƙo, farare, masu kama da zare, waɗanda su ke kai magana tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Cikin na saƙon nan akwai wani kashi da ba ya jiran izininka. Wani masani na Kambirij a Ingila, John Langley, shi ya raɗa musu suna a 1898, ma'anar sunan kuwa masu mulkin kansu. Su ke lura da bugun zuciya, da ƙarfin gudun jini, da ciki, da mafitsara, da gumi.

Jijiyoyin nan su kan lalace. Babban abin da ya ke ɓata su shi ne ciwon sukari da ya daɗe a jiki ba a kula da shi sosai ba. Shan giya shekara da shekaru ya kan yi haka, da ciwon karkarwa na tsofaffi da likitoci ke kira Fakinsan, da cutar ƙanjamau. Wani kuwa ko an bincika ba a samun dalili. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

ABIN DA YA SA IDO YA KE YIN DUHU

Da zarar mutum ya miƙe, jini kamar rabin lita ko fiye ya kan gangara zuwa ciki da ƙafafu, kamar yadda ruwa ya ke bin gangare. Ga mai lafiya, nan da nan jijiyoyin saƙo su ke matse hanyoyin jini, su ƙara wa zuciya sauri kaɗan, jinin ya komo sama. Ba ya ma sanin an yi. Ga wanda jijiyoyinsa suka lalace, saƙon ba ya isa, ko ya isa a makare. Jini ya taru ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Sai jiri, ido ya yi duhu, gwiwa ta yi sanyi, wani kuma ya ji ciwo a ƙeya da kafaɗu. In bai zauna ba ya faɗi.

Likitoci biyu na Amurka, Bradbury da Eggleston, sun bayyana wannan hali a 1925, a kan mutum uku da suka duba. A 1996 aka yi ittifaƙi a kan yadda za a gane shi. Za a auna jininka ka na kwance, sa'an nan ka miƙe a sāke aunawa cikin minti 3. Awon jini lamba biyu ne. In ta sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa ta ragu da 10, to, shi ne. Wannan awo ba ya bukatar babban asibiti, kowane ma'aikacin lafiya mai abin awo ya iya. Amma fa sau da yawa a zaune kaɗai a ke auna mutum, a ce masa jininsa lafiya lau. Ka roƙa a auna ka a kwance da a tsaye.

Akwai wani iri da ya fi kama 'yan mata da matan da ba su manyanta ba. A nan jinin ba ya faɗuwa, zuciya ce ta ke tsere. Cikin minti 10 da miƙewa bugunta ya kan ƙaru da 30 ko fiye a minti guda, ga kasala mai tsanani. Tun 1993 likitoci su ke kiransa POTS, an kuma ƙara ganinsa bayan annobar korona ta 2020. Yarinya mai wannan ba lalaci ta ke yi ba. Yawancin dabarun da ke biye su na amfaninta.

TASHI DA SAFE

Safiya ce ta fi wuya, domin cikin dare jiki ya zubar da ruwa ta fitsari. Kada ka yi zumbur ka miƙe ko da sallama a ke yi a ƙofa. Tun ka na kwance ka motsa ƙafafu, ka naɗe ka miƙar kamar sau goma. Ka tashi zaune a bakin gado ka dakata minti ɗaya ko biyu. Sa'an nan ka miƙe ka na dafe da bango ko sanda, ka tsaya tukuna kafin ka ɗaga ƙafa.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Ka ajiye ruwa mai tsabta kusa da shimfiɗarka tun da dare. Da asuba, kafin ka sauko, ka shanye rabin lita a tashi ɗaya, watau kamar ledar ruwa guda ta kanti. Cikin minti 5 zuwa 10 ƙarfin jini ya kan hau, ya kuma daɗe wajen awa guda. Kurɓa kaɗan-kaɗan ba ya yin wannan aiki, sai an sha da sauri. Haka za ka yi kafin tafiya kasuwa, ko duk inda ka san za a daɗe a tsaye. A wuni kuwa ka nemi shan lita 2 zuwa 2 da rabi, sai dai in ka na da ciwon zuciya ko na ƙoda, wannan likita ne zai yanka maka iyaka.

Batun gishiri ya na bukatar hankali. Gaskiya ne gishiri ya na riƙe ruwa a jiki, likita kuma ya kan umurci waɗansu su ƙara. Amma kada ka ƙara don ka ji an gaya wa maƙwabcinka. Abin mamakin ciwon nan shi ne, mutum guda jininsa ya kan faɗi a tsaye, ya kuma hau ƙwarai in ya kwanta.

Saboda wannan ne a ke ɗaga gado ta wajen kai. Ka sa tubali ko katako ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai, ya tashi kamar inci 6 zuwa 9, wajen taƙi guda ke nan. In gadon ƙasa ne, a ƙara masa ƙasa ya yi gangare. Tara matashin kai ba ya wadatarwa, jiki duka a ke so ya karkata. Kwanciya haka ta na rage hawan jinin dare, ta rage yawan fitsari, safiya ta yi sauƙi. Da rana in ka gaji, ka kishingiɗa, ya fi ka miƙe shame-shame.

IN JIRI YA TASO MAKA A HANYA

Kada ka ce za ka daure ka ƙarasa. Ka tsuguna nan take, ko ka zauna. In wurin bai ba da hali ba, ka harɗe ƙafafu ka na tsaye, ka matse cinyoyi da ɗuwawu da ciki da ƙarfi. Naman ƙafa in ya matsu ya kan tura jini sama. Tsayawa ƙyam wuri ɗaya ta fi tafiya haɗari, don haka in ka na jiran layi, ka riƙa taka ƙafa ka na ɗaga dunduniya.

Ɗamara ma magani ce. Jini mai yawa a ciki ya ke taruwa. Ka sami ƙyalle mai faɗi ka ɗaure cikinka tam kafin ka sauko daga gado, ka kwance shi in za ka kwanta.

Tsugunno ya na taimako, amma tashi daga tsugunno shi ne inda a ke faɗuwa, mu kuwa a tsugune mu ke yin rabin ayyukanmu. A kafa sanda mai ƙarfi a bayan gida da wurin wanka domin dafawa. Da dare a ajiye gwangwani ko fo a ɗaki, kada a fita cikin duhu. Waɗansu ayyuka kuwa sai dai a haƙura a bar wa wani: jan ruwa a bakin rijiya, hawan bishiya ko rumbu ko rufin ɗaki, wanka a kogi kai kaɗai. Mace mai wannan ciwo ta yi girki a zaune bisa kujera, ta ja baya da murhu kafin ta miƙe, kada kuwa ta miƙe da tukunya mai zafi a hannu ko da goyo a baya.

ABINCI DA ZAFIN RANA

Bayan cin abinci jini ya kan tafi ciki don aikin narkarwa. In ka cika ciki da tuwo, ƙwaƙwalwa ce za ta biya. Ka raba abincinka kashi biyar ko shida ƙanana maimakon biyu manya, ka rage tuwo ka ƙara miya da wake, ka kuma zauna ka huta bayan ci. Giya kam a bar ta ɗungum. Wani kuma cikinsa ba ya sakin abinci da wuri, ya kan ƙoshi da loma kaɗan, ga kumburi da amai. Irin wannan ya rage mai, ya fi ba da ƙarfi ga abinci mai ruwa-ruwa kamar kunu da fate, ya kuma gaya wa likita.

Zafi ya na buɗe hanyoyin jini, jiri ya ƙaru. Wani ma gumin ya kan ɗauke masa, jikinsa ba ya iya huce kansa. Da bazara ka nemi inuwa, ka sa malfa, ka jiƙa rigarka ko ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a zaune. Aikin gona a yi shi da la'asar in rana ta yi sanyi, ko da hantsi bayan an sha ruwa jiki ya daidaita. Zawo, amai, ko zazzaɓi, wanda mai lafiya zai jure, ya kan kayar da kai. Ka fara shan ruwan gishiri da sukari tun da wuri, ka tafi asibiti. Kafin watan azumi kuwa ka ga likita, ka kai abin da ya faɗa wurin malami.

Kada tsoron faɗuwa ya sa ka kwanta kullum. Kwanciya ta na shanye naman ƙafa, ciwon ya ƙaru. Ka riƙa 'yar tafiya kowace rana tare da wani, ka na hutawa.

GA MASU CIWON SUKARI

Ku ne ya kamata ku fi kowa lura. In sukari ya faɗi ƙasa, jiki ya kan yi gargaɗi da rawar hannu da faɗuwar gaba. Jijiyoyin nan ne su ke yin gargaɗin, in sun lalace sai mutum ya rikice ko ya suma ba tare da alama ba. Kada ka sha magani ko ka yi allura ka tsallake abinci, ka kuma riƙa yawo da sukari a aljihu. Ciwon zuciya ma ya kan zo muku ba zafin ƙirji, sai dai haki da kasala farat ɗaya. Wannan na asibiti ne a ranar.

Ƙafar da ba ta gumi ta kan bushe ta yi faso, fason ya zama gyambo. Ka wanke ta kullum, ka duba tafinta, ka shafa man kaɗanya amma ban da tsakanin yatsu, kada ka yi tafiya ba takalmi. Mafitsara kuma ta kan cika ba ka ji ba, saboda haka ka riƙa zagayawa kowace awa 3 ko 4, ko ba ka matsu ba.

Akwai maganar da maza ba su son faɗa. Ciwon nan ya kan rage ƙarfin namiji. Ka gaya wa likita, ya saba jin haka. Ƙwayoyin ƙarfin maza da a ke sayarwa a tasha da kasuwa su na ƙara saukar da jini, su na iya kayar da kai.

IN WANI YA FAƊI A GIDA

Kada a tashe shi zaune, kada a riƙe shi tsaye, kada a ɗura masa ruwa ko a yi masa hayaƙi. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa bisa kujera ko buhu, a sassauta masa tufafi, jama'a su ba shi iska. Yawanci cikin minti ɗaya zai farfaɗo. Ya na yiwuwa jikinsa ya ɗan fizga sau biyu ko uku, wannan kaɗai bai nuna farfaɗiya ba. In ya dawo hayyacinsa sosai a ba shi ruwa, mai ciwon sukari a ba shi da sukari. In ya wuce minti 2 bai farka ba, a juya shi ta gefe a nemi mota. Haka kuma in ya bugu a ka, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko maganarsa ta karkace, ko ƙirjinsa na ciwo, ko kashinsa ya yi baƙi, ko mace ce mai ciki.

ZUWA ASIBITI

Jijiyar da ta lalace da wuya ta koma kamar dā, duk wanda ya ce zai warkar da kai cikin kwana bakwai kuɗinka ya ke so. Amma in an kula da sukari ɓarnar ta kan rage gudu. Akwai kuma magunguna, kamar fuludurokotizon mai riƙe gishiri da ruwa a jiki, da midodirin mai matse hanyoyin jini. Midodirin ba a shansa in saura ƙasa da awa 4 a kwanta. Likita kaɗai ke ba da su.

Sau da yawa ma rage magani a ke yi, ba ƙari ba. Maganin hawan jini, da mai sa fitsari, da waɗansu na barci da na kumburin mafitsarar tsofaffi, duk su na iya jawo jirin ko su ƙara shi. Kada ka daina da kanka. Ka zuba dukan abin da ka ke sha cikin jaka, har da na gargajiya, ka kai a gani. Ka tafi da wanda ya ga faɗuwarka, gama shi zai iya faɗin abin da kai ba ka sani ba. In akwai ɗan makaranta a gidan, a ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar da jiri ya zo, da lokacin, da abin da ka ke yi a sa'an nan, a tafi da littafin.