Ciwon Kunne A Wajen Yara: Ina Iyakar Maganin Gida?

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, “Kunne ya girmi kaka.” Mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin gaskiyar wannan karin magana, domin ta kunne yaro yake ɗaukar harshen uwarsa tun kafin ya iya furta kalma ɗaya. Saboda haka duk abin da ya taɓa kunnen yaro ya taɓa harshensa. Wannan maƙala za ta duba ciwon kunne a wajen yara, da magungunan da iyaye kan yi amfani da su a gida, domin a bambance wanda yake taimako da wanda yake ƙara ɓarna.

Yadda Ciwon Yake Samuwa

Kunne ya kasu kashi uku: na waje, da na tsakiya, da na ciki. Tsakanin na waje da na tsakiya akwai wata siririyar fata da ake kira dodon kunne, wadda take girgiza idan sauti ya buge ta. Ciwon da ya fi damun yara a bayan wannan fata yake, wato a kunnen tsakiya.

Akwai wata ’yar hanya da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. Aikinta shi ne shigar da iska da fitar da ruwa. A jikin yaro wannan hanya gajeriya ce, kuma kusan a kwance take, ba kamar ta babba ba. Idan yaro ya kamu da mura sai hanyar ta kumbura ta toshe, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ya fi yawa tsakanin wata 6 zuwa shekara 2, kuma ya fi zuwa bayan mura.

Yaron da ya iya magana zai ce kunnensa yana ciwo. Jariri kuwa sai dai a lura da alamu: yawan kuka musamman da dare, jan kunne, zazzaɓi, ƙin shan nono da rashin barci. Wani lokaci mugunya kan yi yawa har ta huda dodon kunne ta fito waje. A nan zafin yakan ragu, sai iyaye su ɗauka yaro ya warke, alhali kuwa ƙofa ce ta buɗe zuwa cikin kunne.

Magungunan Da Aka Saba Ɗigawa

A gidaje da yawa, a Arewa da Kudu, da zarar yaro ya kama kunne sai a nemi abin ɗigawa. Wasu kan matse ruwan albasa ko na tafarnuwa, wasu man zaitun ko man ja ko man habbatus sauda, wasu nonon uwa, wasu kuma ruwan ganye. Iyaye suna yin haka ne don tausayi, kuma sau da yawa sukan ga yaron ya sami sauƙi bayan kwana biyu ko uku. Sai dai a nan akwai abin lura. Mafi yawan ciwon kunnen tsakiya yakan lafa da kansa cikin kwana uku, ko an ɗiga wani abu ko ba a ɗiga ba. Ke nan jikin yaron ne ya yi aikin, albasa ta karɓi yabo.

Gaskiya ne tafarnuwa tana ɗauke da sinadarin da yake kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Amma mu tuna inda ciwon yake. Idan dodon kunne bai huje ba, abin da aka ɗiga zai tsaya a waje, ba zai isa wurin cutar ba. Idan kuma ya huje, ruwan zai wuce kunnen tsakiya tare da duk dattin da ke cikinsa. Ɗanyen ruwan tafarnuwa yana iya ƙona fata, mai da aka ɗumama fiye da kima shi ma haka. Babbar matsalar ita ce uwa ba za ta iya ganin dodon kunne da idonta ba, sai ma’aikacin lafiya da fitilarsa ta duba kunne. Haka nan sakace kunne da tsinken tsintsiya ko gashin kaza ko kan ashana ko tsinke mai auduga yana tura dauɗa ciki, yana kuma iya huda fatar da ake son karewa.

Abin Da Za A Iya Yi A Gida

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu a zuba wa yaro ido. Ga abubuwan da suke taimakawa ba tare da haɗari ba:

1. A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a kan kunnen daga waje.
2. A ba yaro farasitamol na yara gwargwadon shekarunsa da nauyinsa, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba. Kada a ba yaro asfirin.
3. A ci gaba da shayar da jariri nono, babba kuma a ba shi ruwa da abinci mai ruwa-ruwa. Haɗiya tana taimaka wa hanyar nan ta buɗe.
4. Yaron da ya ɗan girma a ɗaga masa kai da matashi idan zai kwanta. Jariri kuwa a riƙe shi a kafaɗa, ba a sa masa matashi.
5. A nisanta shi da hayaƙin itace da na taba.
6. Idan kunne yana zubar da ruwa, a murɗa tsabtataccen ƙyalle mai laushi kamar lagwani, a sa a bakin kunnen ya tsotse, a canza har sai ya bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi haka aƙalla sau uku a rana. Kada ruwan wanka ya shiga, kada kuma yaron ya yi iyo a rafi.

Lokacin Da Ya Wajaba A Tafi Asibiti

Kulawar gida ta rage zafi ce kafin a ga ma’aikacin lafiya. A gaggauta zuwa asibiti idan jariri bai kai wata 6 ba, ko zazzaɓi ya yi zafi ƙwarai, ko ruwa ko jini yana fita daga kunne, ko an kwana biyu babu sauƙi. Kumburi a bayan kunne alama ce cewa cutar ta shiga ƙashi. Sanƙarewar wuya da amai da yawan barci ko jijjiga kuwa suna iya nuna cewa ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Waɗannan ba a kwana da su a gida. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin dalili, domin zazzaɓin yaro yana iya zama na cizon sauro, wanda sai an gwada jini za a sani.

Ma’aikacin lafiya ne zai yanke ko ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin. Kuskure ne a saya a kemis a ba yaro kwana biyu a ajiye. Idan kunne ya kai kwana 14 yana zuba, ciwon ya zama daɗaɗɗe, yana bukatar likitan kunne. Asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula Da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Ruwan Ɗalibin Harshe A Wannan Batu

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa yara miliyan 34 a duniya suna fama da raunin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Daɗaɗɗen ciwon kunne yana cikin manyan dalilan.

Yaron da ruwa ya taru masa a kunne yana jin magana ne kamar wanda ya toshe kunnensa da yatsu. Mu da muka koyi Hausa a aji mun san wahalar rarrabe “baki” da “baƙi”, ko “kafa” da “ƙafa”, ko “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, inda karin sauti kaɗai ya raba su. Yarbanci da Igbo ma da karin sauti suke aiki. Idan mai lafiyayyen kunne ya sha wuya, ina ga yaron da ya yi watanni yana jin rabin magana a daidai lokacin da yake gina harshensa? Irin wannan yaro yakan makara wajen magana, a makaranta kuma a kira shi daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, alhali ba ya ji ne sosai. Da yawanmu aji za mu shiga a matsayin malamai. Idan muka ga ɗalibi yana yawan cewa “na’am?” ko yana juyo da kunne ɗaya, mu dawo da shi gaba, mu kuma shawarci iyayensa a gwada jinsa.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Shayar da nono zalla har wata 6, da daina ba jariri bulumboti yana kwance, da kammala allurar rigakafi, musamman ta ciwon huhu wadda Nijeriya ta fara bayarwa a 2014, duk suna rage yawan wannan ciwo. Idan kuwa ya zo, ƙa’idar mai sauƙin riƙewa ce: a lallashi kunne daga waje, cikinsa a bar wa wanda zai iya leƙawa. Allah Ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.